Daga Akwati Mai Ƙafa Uku Zuwa Waya: Tarihin Hoton Biki da na Iyali a Potiskum



Kwanakin baya, bayan na ɗaura wani aure a masallacinmu, waliyyin amarya ya ja ni gefe ya ce, "Malam, gobe ne wunin mata, kuma yaran nan sun kawo mini sunayen masu hoto har uku. Wanne zan ɗauka?" Na ce masa, "Haba Alhaji, ni shadda da atamfa na sani, ina ni ina kyamara?" Muka yi dariya muka rabu. Amma tambayar ta biyo ni har gida. Da dare na buɗe adakar marigayi Baba, inda muke ajiye takardun gida. Hotunansa huɗu ne rak a duniya: na fasfo, wanda ya dafa kekensa, na ranar da ya dawo daga Makka, sai wanda suka jeru da 'yan uwansa a ƙofar zaure. Mutumin da ya haura shekara saba'in ke nan. Ni kuwa hotunan da ke cikin wayata sun fi dubu, amma ban da tabbacin ko ɗaya daga cikinsu zai kai ga jikokina. Wannan ne ya sa na ce bari in waiwaya, mu ga ta ina hoto ya shigo mana, domin amsar tambayar Alhaji tana cikin tarihin.

Mafarin abin

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a birnin Faris na ƙasar Faransa, wadda wani mai suna Louis Daguerre ya fito da ita. A lokacin sai mutum ya daskare na ɗan lokaci ba motsi, in ba haka ba fuskarsa ta fito dishi-dishi. A 1888 wani Ba'amurke, George Eastman, ya fito da kyamarar Kodak, wadda ake sayar da ita da fim na hoto ɗari a ciki. In ka gama ɗauka sai ka mayar da ita kamfani, su wanke su aiko maka. Daga nan hoto ya fara fita daga hannun gwanaye ya shiga gidajen mutane.

A ƙasarmu ta bakin teku ya shigo. George Da Costa ya buɗe shagon hoto a Ikko a 1895. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki hoton nan na Sarkin Bini Ovonramwen a cikin jirgin ruwa a 1897, lokacin da Turawa suka tuɓe shi za su kai shi Kalaba. Kun ga ke nan tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, baƙar fata yana cin abinci da wannan sana'a a Kudu.

Mu a Arewa da farko a hannun Bature muka ga kyamara, kuma ba talaka take nema ba. Sarakuna take ɗauka, da dogarai, da mahaya a hawan daba, da kasuwanni. Potiskum ta shiga idon hukuma sosai bayan 1924, shekarar da aka dawo da hedikwatar masarautar Fika nan garin. Ga hanya ta ratsa daga Kano zuwa Maiduguri, ga kasuwar shanu tana bunƙasa. A irin wannan lokaci kakanninmu suka riƙa sauka, wasu daga ƙasar Kano, wasu daga Haɗeja da Katagum, fatake da mahauta da 'yan koli da malamai, suka zauna cikin Ngizimawa da Karekare da Bolawa lafiya lau, har sunanmu ya zauna a kan mazaɓar Hausawa Asibiti. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, mutane da yawa a cikinta suka fara ganin fuskokin manyan da a da sai dai su ji sunansu.

Hoton dole

Abin da ya fara zaunar da talakan Bahaushe gaban kyamara ba biki ba ne, takarda ce. Garin nan yana kan tsohuwar hanyar alhazai: daga nan sai Damaturu, sai Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, a ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya. Da hukumomi suka matsa a kan fasfo, kuma jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano, sai ya zamana duk mai niyyar sauke farali dole ya ba da fuskarsa. Bayan wannan sai lasin tuƙi, kuma kun san Potiskum garin direbobin manyan motoci ne. Sai takardun makaranta, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976.

Wanda ke wannan aiki shi ne mai akwati mai ƙafa uku. Na riske shi ina yaro, yana zama a inuwar darbejiya kusa da tasha. Zai rataya baƙin zane a bango, ya zaunar da kai a benci, ya cusa kansa cikin ƙyalle, ya cire murfin gilashin ya ƙirga ya mayar. Ruwan maganin wankin duk yana cikin akwatin. Da farko hoton zai fito a juye, fuska baƙa ƙirin in fara ce, farar riga ta koma baƙa, sai ya sāke ɗaukar wannan takardar sannan ta fito daidai, ya ɗauraye a bokiti ya miƙa maka da danshinta. Mu yara muna ɗauka tsafi ne. Tsofaffi kuwa wasu suna cewa kowane hoto yana rage wa mutum jini.

Abin da malamai suka ce

Ba tsoron jini kaɗai ya hana mutane ba, akwai tsoron Allah. Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu sūranta abu mai rai, don haka malamai suka tsaya suka duba ko hoton kyamara ya shiga ciki. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi mai jiki da inuwa, cikakkiyar sura. Zanen da ke shafe a kan takarda ko tufa hukuncinsa bai kai nan ba. Muftin Masar, Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta littafi musamman yana bayyana cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, kamar abin da kake gani a madubi, don haka ya halatta. Wasu manya, irin su Shehu Bin Baz na Saudiyya, sun tafi a kan hani sai in da lalura, kamar fasfo da katin shaida. Har yau a sahun masallacinmu akwai masu bin wannan da masu bin wancan, kuma ba mu taɓa faɗa a kai ba. Abin da kowa ya yarda da shi guda ne: abin da bai halatta ka kalla da ido ba, bai halatta ka ɗauka ka ajiye ko ka yaɗa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zamanin situdiyo

A yawancin garuruwan Arewa, waɗanda suka fara buɗe shagon hoto mutanen Kudu ne, Yarbawa da Inyamurai. Bayan rikicin 1966 Inyamurai da yawa suka tafi gida, sana'ar ta fi zama a hannun Yarbawa, kuma a wurinsu yaranmu na farko suka koya, daga sharar shago da shanya hotuna har suka iya shiga ɗakin duhu.

Kasuwar situdiyo ranar Sallah take ci. Za ka ga samari sun yi layi da sababbin ɗinkuna. A ciki akwai labule da aka zana bene ko jirgin sama, da furen roba, da wayar tarho da ba a haɗa ta da komai ba. Wani zai ɗora rediyo a cinya, wani ya zare hannun riga don agogo ya fito, ko da aro ya yi. Alhaji in ya dawo, sai an ɗauke shi da rawani irin na Larabawa, yana murmushi don haƙorin Makka ya bayyana. Kada ku raina wannan. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keita ya buɗe irin wannan shago a 1948, yana ɗaukar talakawa da keke da rediyo kamar namu. Ya adana fina-finansa da kyau, yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Namu fa? Da mai shago ya tsufa ko ya koma garinsu, sai gara da ruwan sama su cinye kwalayen. Tarihin fuskokin unguwa guda ya tafi a haka.

Ga mu baƙi, hoton yana da wani aiki na daban. Shi ake ba direba ko ɗan kasuwa ya kai wa dangi a gida, a ce ga wane ya girma, ga 'ya'yan wance. Wancan hoton na ƙofar zaure da na ambata, Baba ya rubuta sunan kowa da ajami a bayansa, da sunan garin da aka fito. Bayan rasuwarsa, da maganar gādon wata gona ta taso a garin kakanninmu, wannan rubutun ne ya nuna mana wanda za mu nema. Muka tarar da wani tsoho, ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa ya ce, "Wannan ai Yaya ne. Kai ɗan wane ne a cikinsu?" Zumuncin da ya yi shekara talatin a yanke, a ranar ya ɗinke.

Amma ku lura, a hotunan wancan zamani mata ba su da yawa. Gida na kulle, mai hoto namiji ne kuma baƙo, iyakarsa zaure. Amarya kuwa tana lulluɓe tana kuka, wa zai ce ta ɗago? Innarmu ba ta da hoton ƙuruciya ko ɗaya. Na farkonta na katin zaɓe ne, ta riga ta tsufa. Ƙannena mata har yau suna cewa da ma sun ga kamanninta tana amarya. Wancan zamani ya kiyaye sutura, amma ya bar mu da wannan kewa.

Da launi ya zo

Wajen shekarun 1980 hoto mai launi ya yaɗu, ƙananan kyamarori irin su Yashica suka yi yawa, mai hoto ya fito daga shago ya hau keke ko babur yana bin gidajen biki da suna. A nan ne hoton biki kamar yadda muka san shi ya fara. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, wani 24, saboda haka ba a ɓarna. Sai an shirya, an jera iyaye, an gyara hula, sannan a danna. Wankin mai launi kuwa sai an aika babban gari, Kano ko Jos ko Maiduguri, a jira mako ɗaya ko biyu. Ranar da hotuna suka iso kamar an sāke bikin ne.

Ni dai ban ga wannan ranar ba. Lokacin aurena na fari, ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Yobe a 1991 ba, abokaina suka kawo wani yaro don ya fi araha. Ya yi ta walƙiya da fitila tun daga ɗaurin aure har kai amarya. Bayan mako biyu ya zo yana sosa ƙeya, wai fim ya ƙone, haske ya shige shi. Kakata ta wajen uwa, wadda ta yarda aka ɗauke ta a ranar karo na farko a rayuwarta bayan an sha lallashi, ta rasu kafin shekara ta zagayo. Kuɗina ya dawo mini da su, amma me zan yi da su? Tun ranar na gane abin da ake nufi da araha ba ta ado.

Daga baya bidiyo ya shigo, a lokacin da finafinan Hausa suka fara tashe bayan Turmin Danya na 1990. Sai ga mai bidiyo da ƙatuwar fitila har tsakar gida, wurin kamu da sa lalle, inda a da ko ƙanin ango ba ya leƙawa. Kaset kuma yana yawo gida-gida a aro. Daga nan ƙorafi ya fara zuwa wa limamai: wane ya ga matarsa tana rawa a talabijin ɗin wani gida. Ƙofar da kulle ya tsare shekara da shekaru, kyamara ta buɗe ta ba tare da an yi shawara ba.

Waya, da shekarun wuya

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ba a jima ba ta zo da kyamara a jikinta. Fim ya mutu murus. Kodak ɗin nan da ya kai hoto gidajen duniya, a watan Janairun 2012 ya bayyana karayar arziki, alhali injiniyansa ne ya ƙera kyamarar farko marar fim a 1975. Mu 'yan kasuwa akwai darasi a nan, amma wannan zancen wata rana ne.

Shekarar 2012 ɗin dai ba za ta fita daga ranmu ba. A watan Mayu aka kai hari kasuwar shanu, aka kashe mutane da yawa. A 2013 aka sa dokar ta-ɓaci, aka yanke layukan waya kusan wata biyu. Ranar 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya da fasaha ana taron safe, ɗalibai sama da arba'in suka rasu. A Janairun 2015 aka kai wa kasuwar waya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa kada mu ƙara ganin irin wannan.

Na zauna zaman makoki da yawa a shekarun nan, kuma na ga abin da ban taɓa tunani ba. Akwai uwar da ta nemi hoton ɗanta ta rasa, domin duk suna cikin wayar da ta salwanta tare da shi. Ƙarshe ɗan ƙaramin hoton fasfo aka ciro daga takardun makaranta, aka kai aka faɗaɗa mata. Akwai gidajen da suka yi hijira da dare, suka bar komai. Wanda ya tsira da hoto shi ne wanda ya taɓa wanke biyu ya aika wa dangi a wani gari, irin yadda iyayenmu suke yi. A lokacin ɗaukar hoto a titi ma abin zargi ne, biki kuma ana yinsa a gurguje kafin dokar hana fita. Akwai ma'aurata a unguwar nan da 'ya'yansu sun shiga sakandare, amma ba su da hoton ranar aurensu.

Yau Alhamdu lillahi zaman lafiya ya dawo, sana'ar ta koma hannun 'ya'yanmu, har da mata, kuma suna da gwaninta. Sai dai wata matsalar ta sāke kunno kai. An shigo da hotunan kafin aure, saurayi da budurwa suna jingina da juna tun ba a shafa fatiha ba, a buga a kalanda a raba. In auren ya fasa, kalandar tana nan a bangon mutane. Sannan 'yar ƙanena, bayan bikinta da kwana uku, sai ga hotunanta na cikin ɗaki, ba mayafi, a shafin mai hoton na Facebook yana tallar aikinsa. Da muka je ya ba da haƙuri ya goge, amma wa ya san wayoyi nawa suka riga suka kwafa? Abin da ya hau intanet zarar bunu ne, ba ya komawa.

To, wanne za a ɗauka?

Washegari da safe na je gidan Alhaji, na ce masa ga abin da na tsinta. Tarihin nan gaba ɗaya asara iri biyu ya nuna mana: ko hoto ya ɓace a lokacin da ake bukatarsa, ko ya fita inda bai kamata ba. Mai hoton kirki shi ne wanda zai tsare ka daga duka biyun.

Na farko, ka bincika shi kamar yadda kake binciken mai neman aure, domin mutum ne da za ka shigar cikin iyalinka. Ɗan gidan wa ne? Yana da shago da za a same shi bayan biki? Ka tambayi gida biyu ko uku da ya yi wa aiki.

Na biyu, kada ka tsaya ga 'yan hotunan da ya zaɓa ya nuna maka a waya. Ka ce ya kawo albam ɗin biki guda daga farko har ƙarshe, wanda masu shi suka yarda a gani. A nan za ka san ko ya iya ɗaukar tsofaffi a ɗaki mai duhu, ko kuwa ya iya goge fuska ne kawai har amarya ta koma wata daban. In ya buɗe maka hotunan matan wani ba tare da izini ba, ka san gobe naka zai buɗe wa wani.

Na uku, wurin mata a nemi mace. Yanzu akwai su, ba kamar zamanin Inna ba. Da haka an samu hoton, an kuma tsare sutura.

Na huɗu, a yi magana a rubuce gaban shaidu biyu: nawa ne kuɗin, nawa ne kafin alƙalami, hoto nawa za a wanke, wace rana za a kawo, kuma ba za a sa ko ɗaya a intanet ba sai da yardar ango da amarya. A tambaye shi ko yana da kyamara ta biyu da batir na ko-ta-kwana, kuma a wuri nawa yake ajiye aikin kafin ya miƙa.

Na biyar, a ba shi wani ɗan gida da ya san dangi ya riƙa nuna masa mutane. Mai hoto baƙo amarya da ƙawayenta zai bi, don su ne masu kwalliya. Ba zai san cewa tsohuwar can da ke zaune a kan tabarma ita ce ta yi renon uban amarya ba. Ƙawaye za su sāke haɗuwa a wani bikin, ita kuwa wa ya sani? Kuma ina roƙon masu hoto, in ana ɗaurin aure ku daina tsallake wuyan mutane kuna tsayawa gaban waliyyai. Ku bari a shafa fatiha tukuna.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: a wanke a takarda. Ko guda ashirin ne. A rubuta sunan kowa a baya, da kwanan wata, da garin asali, da boko ko da ajami. A yi biyu, ɗaya a nan, ɗaya a aika gida wurin dangi. A sa a leda a cikin adaka, nesa da danshi da gara.

Alhaji ya saurara, ya ce, "Malam, ai ka ce ba ka san kyamara ba." Na ce, "Har yanzu ban sani ba, Alhaji. Amana na sani." Ya ɗauki wata yarinya 'yar Tsohuwar Kasuwa don cikin gida, da yayanta don waje. An kawo albam, na ga kakar amarya a shafin farko.

Ina kira ga matasanmu masu wannan sana'a da kwamitin unguwa, mu sa rana a bi gidajen dattawa a kwafi tsofaffin hotunan da suka rage, a rubuta sunayen mutanen ciki tun masu gane su suna raye. Duk wanda ke da irin waɗannan a adaka, ya same ni a shago ko bayan sallar La'asar.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba ma'auratanmu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya ƙara wa Potiskum aminci. Wassalamu alaikum.